Yadda Ake Haɗa Salak ɗin Kifin Shawa da Dankalin Turawa Irin na Mutanen Danmak

Kifin nan da ake shigowa da shi a daskare cikin kwali daga ƙasashen arewacin Turai, wanda a kasuwanninmu ake kira shawa kuma mutane da yawa ke raina shi saboda yawan ƙayarsa, shi ne abin da mutanen Danmak ke buɗe cin abinci da shi a manyan ranakunsu. Su suna kiran sa sild, haɗin da za a bayyana a nan kuma sunansa sildesalat. Duk da an ce masa salak, babu ganyen latas a cikinsa ko ɗaya, domin ya fi kama da kwaɗo a yadda ake yanka komai ƙanana a cakuɗe shi wuri guda har ɗanɗanon wannan ya shiga cikin wancan. Ana cin sa da sanyinsa, a kan burodi, kuma launinsa ja ne mai haske saboda jar saiwar nan da ake kira bitrut.

Tun kafin a ɗora tukunya ya kamata a san cewa wannan abinci ba na gaggawa ba ne. Wutar da za a kunna kaɗan ce, kuma aikin hannun bai kai na miyar taushe ba, amma gishiri da ruwan khal da sukari suna bukatar kwanaki kafin su gama aikinsu a jikin kifin. Asalin girkin ke nan. Tun daga ƙarni na 12 an yi ɗaruruwan shekaru ana kama wannan kifi da yawan gaske a mashigin ruwan Oresund da ke tsakanin Danmak da Suwidin, ana cin kasuwarsa duk kaka a gaɓar yankin Skane, wanda yake hannun Danmak har zuwa shekarar 1658 da ya koma hannun Suwidin. A wancan zamani, fataken birnin Lubek na Jamus su ne ke kawo gishirin garin Luneburg, a jera kifin cikin ganguna a danne shi da gishiri, a kai shi sassan Turai inda Kiristoci ke neman sa a kwanakin da ba sa cin nama. Kifin da ya yi watanni cikin gishiri ba ya ciwuwa sai an jiƙa shi an rage masa gishirin, sannan a nemo masa tsami da zaƙi da za su daidaita shi. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai gane dalilin kowane mataki da ke tafe.

Kayan da za a tanada

Domin mutum 6, ana bukatar tsokar kifi wadda aka riga aka tsuma giram 300 bayan an tsane ta, wato abin da za a samu daga shawa 4 ko 5 matsakaita. Sai dankalin turawa giram 500, da bitrut giram 250, da tuffa babba guda 1 mai tsami, da ƙaramar jar albasa guda 1, da kokwamba da aka tsuma cikin ruwan khal kimanin giram 100, da ƙwai 3. Abin da zai haɗe su kuwa shi ne mayonis, wanda aka fi sani da bama, cokali 3 na cin abinci, da kirim mai tsami ko kindirmo mai kauri mililita 150, da mastad ƙaramin cokali 2, da ɗan masoro. Za a kuma bukaci ruwan khal fari mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, kwalbar lita ɗaya ta wadatar, da sukari, da gishiri mai tsakuwa, da ganyen bay, da kanumfari. A duba jikin kwalbar ruwan khal ɗin da kyau, domin a ƙasashen arewacin Turai ana sayar da mai ƙarfin kashi 12 har da 24, kuma idan aka yi aiki da irin wannan bisa ma'aunin da ke nan, abincin ba zai ciwu ba.

Game da dankali, mutanen Danmak suna zaɓen irin da ba ya dagargajewa bayan an dafa shi, musamman wani siriri mai tsawo da suke kira aspargeskartofler, kuma suna ji da sabon dankalin tsibirin Samso da ke fara fitowa a farkon bazararsu. Dankali bai daɗe a wurinsu kamar kifin ba: sai a ƙarni na 18 ya samu gindin zama, bayan Faransawa 'yan gudun hijira sun noma shi a garin Fredericia, sannan Sarki Frederik na Biyar ya gayyato Jamusawa manoma zuwa yankin Jutland daga shekarar 1759, waɗanda har yau ake kiran su Jamusawan dankali. Wanda zai saya a kasuwa cikin na Jos, ya nemi ƙanana masu santsin baya da tauri, masu girma ɗaya, ya bar manyan nan da ake so domin soya cibs, domin su ne ke farfashewa cikin ruwa.

Gyaran kifi, wanda shi ne rabin aikin

Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi kifin da aka riga aka tsuma cikin kwalba, wanda ake rubuta masa marinerede sild. Mazauna Turai za su same shi a kusan kowane babban kanti. A karanta jerin kayan da ke jikin kwalbar kafin a saya, domin akwai nau'in da ake zuba wa giya, kamar wanda ake kira sherrysild, kuma akwai wanda aka riga aka kwaɓa da kori ko tumatir, wanda bai dace da wannan haɗin ba. Fari zalla mai albasa ake nema. Idan an samu wannan, sai a tsane shi a ajiye cokali 2 na ruwansa, a tsallake zuwa batun bitrut.

Wanda kuwa zai fara daga ɗanyen kifi, akwai magana ɗaya da ba a wasa da ita. Wannan kifi yakan ɗauki wata siririyar tsutsa mai suna anisakis, wadda likitoci a ƙasar Holan suka fara bayyana cutarta a jikin mutum a shekarar 1960, kuma ruwan khal da ɗan gishirin kwana ɗaya ba sa kashe ta. Zafin wuta ke kashe ta, ko sanyi mai tsanani, shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta wajabta a daskarar da kifin da za a ci ba tare da dafawa ba a ma'aunin sanyi na 20 ƙasa da sifili, na aƙalla awa 24. Firizar gida ba ta cika kai wannan sanyin da wuri ba, saboda haka a bar shi kwana 7 a ciki. Shawa ta kasuwa ta riga ta daskare tun a can, amma tana da tata matsalar: sau da yawa takan narke a kan teburin mai kifi, a mayar da ita cikin sanyi da yamma, a sake fito da ita da safe. Irin wannan kifi ban yarda a tsuma shi ɗanye ba ko kaɗan. Sai dai wanda aka ɗauko daga ɗakin sanyi yana da tauri kamar itace, idonsa bai faɗa ba, cikinsa bai fashe ba, kuma ba ya wari sai ƙarnin teku na asali. Idan akwai kokwanto ko ƙanƙani, a bi hanyar suya da za a kawo a ƙasa, wadda ita ma tsohuwar hanya ce ta mutanen Danmak ɗin.

A bar kifin ya narke a hankali cikin firji dare ɗaya, ba cikin ruwan ɗumi ba. A kankare ɓawonsa da bayan wuƙa daga wutsiya zuwa kai, kuma gara a yi hakan a cikin roba mai ruwa, domin ɓawon shawa sirara ne masu sheƙi da ke tashi su manne a hannu da bango. A cire kai, a tsaga ciki a fitar da kayan ciki, a kuma goge baƙar fatar da ke shimfiɗe a cikin cikin da jinin da ke kwance a jikin ƙashin baya, domin daga nan ɗaci da ƙarni ke fitowa. Daga nan sai a kifa shi a kan katako, bayansa yana sama, a danna da babban yatsa tun daga wuya har wutsiya. Za a ji ƙashin yana sakin tsoka a ƙarƙashin yatsa. A juyo shi, a kama ƙashin daga wajen kai a ja a hankali, zai taso da mafi yawan ƙayoyin haƙarƙari tare da shi. A raba tsokar gida biyu, a yanke gefen ciki mai sirara inda sauran ƙayoyi suka taru. Ƙananan ƙayoyi masu kama da gashi da suka rage a cikin tsoka kada su dami kowa, domin ruwan khal zai tausasa su har ba za a ji su a baki ba.

Tsumin yana da hawa biyu, kuma kowanne da aikinsa. Na farko shi ne wanda ke ƙarfafa tsokar ya kuma fitar da jini: a narkar da gishiri giram 100 cikin ruwan sanyi mililita 700 da ruwan khal mililita 300, a jera kifin a cikin kwanon gilashi ko na tangaran ko roba mai murfi, a zuba masa har ya nutse, a sa a firji awa 24. Kada a yi amfani da tukunyar alminiyom a nan ko a wani mataki da tsami ya shiga, domin tsamin yana cin ƙarfen ya ɓata ɗanɗano. Alamar ya yi ita ce idan aka yanka wuri mafi kauri a ga tsokar ta yi fari har ciki, babu sauran jaja-jaja. Idan da saura, a ƙara masa rabin yini. Bayan haka a zubar da wannan ruwan gaba ɗaya, a ɗauraye kifin, a kama fatar daga wajen kai a zare ta. Za ta fita sumul ta bar wani sheƙi kamar azurfa a bayan tsokar.

Hawa na biyu shi ne na ɗanɗano. A tafasa ruwan khal mililita 300 da ruwa mililita 200 da sukari giram 200, tare da ganyen bay 2, da ƙwayar masoro 10, da kanumfari 3. Mutanen Danmak suna sa wata ƙwaya da suke kira allehånde, mai ƙamshi tsakanin kanumfari da kirfa, kuma wanda ya same ta ya sa guda 10 a madadin kanumfarin. Da zarar sukarin ya narke a sauke, a bar shi ya huce sarai har ya yi sanyi, domin idan aka zuba shi da ɗumi zai dafa kifin ya sa shi ya dagargaje a hannu. A jera kifin cikin kwalba mai tsabta, hawa ɗaya na kifi hawa ɗaya na yankakkiyar albasa, a zuba ruwan ya rufe shi, a mayar firji kwana 2. Na san yawan sukarin zai ba mai karatu mamaki, domin a wurinmu kifi da sukari ba su saba zama tukunya ɗaya ba, amma kada a rage shi sosai. Mafi yawansa a cikin ruwan yake zama, kuma ɗan abin da ya shiga tsokar shi ne ke hana tsamin yanka harshe.

Wanda ya samu kifin da aka adana cikin gishiri tsantsa, wanda suke kira spegesild, ba ya bukatar hawan farko. Abin da zai yi shi ne ya jiƙa shi cikin ruwan sanyi a firji awa 12 zuwa 24, yana canza ruwan sau biyu ko uku, yana ɗanɗana ɗan gefe, har gishirin ya sauko daidai na abinci mai ɗan gishiri-gishiri, sannan ya wuce hawa na biyu.

Hanyar suya kuwa, wadda suke kira stegte sild i eddike, ita ce na fi ba da shawararta ga duk wanda ya sayi kifinsa a buɗaɗɗiyar kasuwa ko yake zaune inda wutar lantarki ba ta tsayawa. Bayan an cire ƙashi, a barbaɗa gishiri da masoro, a ninke kowane kifi fatarsa tana waje, a birkiɗa shi cikin fulawa, a soya a kasko da bota ko ɗan mai, minti 3 zuwa 4 kowane gefe, har ya yi ja ya nuna ciki. A jera shi cikin kwano a zuba masa ruwan hawa na biyu, wanda a nan babu laifi ya kasance da ɗan ɗumi, a bar shi ya kwana a firji. Tsokarsa ta fi laushi, don haka a yanka shi manya kaɗan, kuma shi ne zai zama na ƙarshen shiga kwano lokacin haɗawa.

Bitrut da dankali

A ranar da aka zuba wa kifi ruwan hawa na biyu a tsuma bitrut, domin su isa tare. A wanke shi ba tare da an fere ba, a bar masa ɗan guntun kara da jelarsa, domin duk inda aka yanka nan jan ruwan zai tsiyaye cikin tukunya ya bar saiwar fayau. A dafa shi minti 45 zuwa awa ɗaya gwargwadon girmansa, har tsinke ya shige ba tare da turjiya ba. A tsoma shi cikin ruwan sanyi, a murza da yatsu, ɓawon zai zame da kansa. A yanka fale-fale, a tafasa ruwan khal mililita 250 da ruwa mililita 100 da sukari giram 100 da ɗan gishiri, a zuba masa da zafinsa, a rufe, idan ya huce a sa a firji. Kokwamba ma, idan ba a samu ta kwalba ba, ana iya cire mata 'ya'ya a yanka, a barbaɗa gishiri na awa ɗaya, a matse, a zuba mata irin wannan ruwan a wani mazubi dabam.

Dankalin ana dafa shi da ɓawonsa. A zuba shi cikin ruwan sanyi mai gishiri, a ɗora, idan ya tafasa a rage wuta ya ci gaba da dahuwa a hankali minti 15 zuwa 20. A soka siririyar wuƙa a mafi girma. Idan ta shige tsakiya da ɗan jin tauri kaɗan, ya isa, domin zafin jikinsa zai ƙarasa shi. A tsiyaye ruwan, a bar tururin ya fita, a ɓare ɓawon tun yana da ɗumi, lokacin da yake fita kamar takarda. Sannan a bar shi ya yi sanyi ƙalau, zai fi kyau ma ya yi awanni a firji. A karon farko da na yi wannan haɗin na ƙosa, na yanka dankalin yana ɗumi na juye masa kirim, kafin in juya sau uku ya zama wani jan fate wanda ba a bambance kifi da tuffa a cikinsa. Dankalin da ya yi sanyi yana yankuwa da kaifin gefensa, kuma yana riƙe siffarsa duk juyin da za a yi masa.

Ƙwan a dafa shi minti 9 zuwa 10 bayan ruwa ya tafasa, a tsoma a ruwan sanyi, a ajiye da ɓawonsa sai lokacin ci.

Yanka da haɗawa

A nan ne ake gane hannun mai girki. Komai za a yanka shi murabba'i ƙanana masu girma ɗaya, kamar ƙwayar gurjiya, wato kimanin santimita ɗaya, domin kowane cokali ya ɗauko kifi da dankali da tuffa da bitrut a tare. Idan dankalin ya yi manya, loma ɗaya za ta zo lami, ta gaba kuma ta zo da gishiri zalla. Albasa kaɗai ce za a yanka ta fi sauran ƙanƙanta sosai, kuma idan tana da yaji a jiƙa ta cikin ruwan sanyi minti 10 a matse. Kifin a tsane shi a kan tsumma mai tsabta kafin a yanka. Bitrut ma a tsane shi sosai, amma a ajiye ruwansa. Tuffa ita ce ta ƙarshen yankawa domin kada ta yi baƙi, kuma a nemi koriya mai tsami da ƙarfi, domin aikinta shi ne ta kawo ƙaras-ƙaras a tsakanin abubuwa masu laushi. Ja mai zaƙi da garin-gari ba ta yin wannan aikin.

Idan kindirmo za a yi amfani da shi a madadin kirim, a zuba shi cikin farin ƙyalle mai tsabta a ɗora a kan rariya cikin firji awa 2 ko 3, har tsararren ruwan ya ɗige ya bar mai kauri da ke tsayawa a cokali. A tabbata na madarar da aka tafasa ne kuma babu sukari a ciki. A cikin babban kwano a haɗa shi da bama da mastad da ɗan dakakken masoro, a zuba ruwan bitrut cokali 2 da ruwan kifi cokali 1, a juya. Farin zai fara ɗaukar jan zane-zane, sannan ya koma ruwan hoda gaba ɗaya. Kada a sa gishiri tukuna, domin kifin na tafe da nasa.

Ina roƙon mai girki ya riƙe hannunsa a kan bama. Mun saba da salak ɗin biki wanda ake malale shi da ita har kabejin ya nutse, amma a nan cokali 3 ɗin nan sun isa, domin kifin kansa mai maiƙo ne, kuma idan maiƙo ya hau kan maiƙo tsamin da aka yi kwanaki ana nema zai ɓace. Haka nan babu wurin dunƙulen ɗanɗano ko attaruhu a cikinsa. Wanda bakinsa ba ya karɓar abinci sai da yaji, ya ƙara mastad, ko ya ajiye yajinsa a gefen faranti. Akwai kuma tsohuwar hanya da ba ta bukatar bama ko kaɗan: a narkar da bota giram 25, a zuba fulawa giram 25 a juya minti ɗaya, a riƙa tsiyaya madara mililita 250 kaɗan-kaɗan ana juyawa har ta yi kauri kamar kunu, a bar ta ta huce sarai, sannan a sa mata mastad da ruwan bitrut da ɗan ruwan khal. Wannan ta fi sauƙi a ciki, kuma ta fi riƙe haɗin idan za a ɗora shi a kan burodi.

A fara zuba albasa da kokwamba da tuffa da bitrut cikin kwanon a juya, sannan kifi, sannan dankali. Juyin na ɗagowa ne daga ƙasa zuwa sama da faffaɗan cokali, a hankali, ba irin tuƙin tuwo ba, kuma da zarar komai ya shafu a dakata. A rufe a sa a firji aƙalla awa 4, amma kwana ɗaya shi ne daidai. A cikin daren nan dankalin ke shan tsami da gishiri daga maƙwabtansa, kaifin albasa ya kwanta, launin ya ƙara nuna. Wanda ya ɗanɗana shi nan take bayan haɗawa zai ji kowane abu yana zaman kansa, kuma zai iya zaton ya yi kuskure, alhali lokaci kawai ya rage.

Washegari ne ake gyaran ɗanɗano, kuma a yi shi da lura. A ɗebi cokali guda mai ɗauke da komai. Abin da ake so shi ne a fara jin ɗan zaƙi da tsami, sannan gishirin kifi ya biyo, mastad ya zo a ƙarshe can wajen hanci. Idan ya yi lami, ruwan bitrut ko na kifi cokali ɗaya ya fi gishiri gyara shi. Idan tsami ya yi yawa, a ƙara kirim cokali ɗaya da ɗan sukari a bakin cokali. Idan gishiri ne ya wuce, babu maganinsa sai ƙarin dafaffen dankali mai sanyi guda ɗaya ko biyu. Idan kuma ya bushe saboda dankalin ya shanye ruwan, kirim kaɗan zai sassauta shi, amma kada ya kai ga malala, domin ana so ya tsaya a tsibe idan an ɗora shi.

Yadda ake kai shi gaban masu ci

A juye shi cikin kwano mai faɗi, a ɓare ƙwan a raba kowanne gida huɗu a jera a sama, ko a daddatsa farin dabam da gwaiduwar dabam a yi layi-layi da su a kan jan, a barbaɗa yankakken ganyen dil ko siririn lawashi. Ƙwan sai lokacin ci ake ɗora shi, domin idan ya kwana a kai jan zai rine shi.

A Danmak ana cin sa ne a kan baƙin burodin da suke kira rugbrød, wanda ake yi da wani hatsi ɗan uwan alkama da sha'ir, mai nauyi da ɗan tsami, a yanka shi siriri a shafa bota. Wasu a can kitsen alade suke shafawa a ƙarƙashin kifi a madadin bota, don haka Musulmin da aka gayyata cin abinci a can ya tambaya kafin ya ɗauka. A liyafar rana ta lokacin Kirsimeti da suke kira julefrokost, da ta lokacin Ista, da nau'o'in wannan kifi ake farawa kafin sauran kifaye da nama da cuku, kuma akan canza faranti bayansa domin kada ɗanɗanonsa ya bi sauran abincin. Inda babu irin burodinsu, burodin alkama mai dusa wanda ba shi da zaƙi, a ɗan gasa shi ya yi ƙarfi, shi ne mafi kusa. Burodinmu fari mai laushi da sukari ba ya ɗaukar sa, domin yakan jiƙe nan da nan, zaƙinsa kuma ya haɗu da na bitrut ya gundiri mai ci.

A fito da shi daga firji minti 10 kafin ci, domin sanyi mai yawa na danne ƙamshi, amma kada ya wuce awa 2 a waje, a lokacin zafin bazara kuwa awa ɗaya. Gara a ɗebi abin da za a ci a ƙaramin kwano a bar sauran cikin sanyi, a riƙa ƙarowa. A firjin da ma'auninsa bai haura digiri 5 ba zai yi kwana 2 zuwa 3 a rufe, kuma ba a sa shi a firiza, domin dankalin zai saki ruwa kirim ɗin ya tsinke. Idan wuta ta ɗauke tsawon dare har firjin ya huce, a zubar da shi ko da bai canza wari ba. Kifin da ya rage a cikin kwalbarsa, muddin ruwan ya rufe shi kuma da cokali mai tsabta ake ɗiba, zai kai mako guda a firji, kuma ana iya cin sa haka nan a kan burodi da zoben ɗanyar albasa da dafaffen dankali mai ɗumi a gefe.